Hannu Mai Karkarwa da Ran Ɗan Tayi



Da yawa cikinmu muna tunawa da Fafaroma Yohana Bulus na Biyu a shekarunsa na ƙarshe, hannu yana karkarwa, magana tana fita da ƙyar, har Ubangiji ya kira shi a 2005. Ciwon Fakinson ne, wanda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana tun 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne suke mutuwa sannu a hankali, sai jiki ya sandare, tafiya ta gagara. Maganin lebodofa yana rage wahala, amma ba ya ta da ƙwayar da ta mutu.

Saboda haka masana suka nemi dasa sababbi. To, daga ina? A ƙarshen shekarun 1980, a Lund ta ƙasar Suwidin, an ɗebo su daga 'yan tayin da aka zubar. A 1998 kuma aka fara ciro ƙwayoyin asali, masu iya rikiɗa su zama kowane sashen jiki, daga tayin 'yan kwanaki, wanda ba ya rayuwa bayan haka. Nan Ikklisiya ta ce a'a. A wasiƙarsa Evangelium Vitae ta 1995, Fafaroman nan ya koyar cewa ɗan tayi mutum ne, ba a mai da shi kayan gwaji. Mu lura fa, lokacin da ya faɗi haka, karkarwa ta riga ta kama hannunsa.

An zargi Ikklisiya da rashin tausayi. Sai ga shi a 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya mai da ƙwayar fatar baligi ta koma ƙwayar asali, ba tare da an taɓa wani tayi ba. Daga 2018 Jami'ar Kyoto ta yi wa mutum bakwai dashe ta irin wannan hanya. Rahoton 2025 ya nuna ƙwayoyin sun rayu, suna samar da dofamin, ba su zama ƙari ba. Mun gode wa Allah, ko da yake mataki ne na farko, ba waraka ba.

Don haka kada kowa ya sayar da gonarsa saboda mai tallar allurar warkarwa. Tsohon da hannunsa ke rawa a gidanmu kuwa, ba sammu aka yi masa ba. A kai shi asibiti. In zuwa Misa ya gagare shi, ku sanar da katikis, mu kai masa Jikin Kristi har ɗakinsa.