Tsatsar Saman Madafi

Duk wanda ya tashi a gidan rufin kwano ya san inda tsatsa ke fara ci: saman madafi, inda hayaƙi da tururi ke dukan kwanon safe da yamma. Kwanon nan shafe yake da farin ƙarfen zinki, wanda ke cinyewa sannu a hankali don ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya tsira. Ran da shafen ya ƙare, ja ya bayyana.

Jikin yaro ma yana da nasa shafen. Hanta na ƙera wani sinadari, gulutatayon, mai kashe kaifin gubar da ke tashi idan jiki na sarrafa abinci ko magani. Hantar ita ce madafin, kuma ta yaron da ke shan maganin farfaɗiya kullum ba a kashe mata wuta.

Sodiyam balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, maganin farfaɗiya ne mai aiki ƙwarai, amma yana iya rage wannan kariya har ya taɓa hanta. Haɗarin ya fi yawa ga ɗan ƙasa da shekara 3, musamman mai shan magunguna iri-iri, a watanni 6 na farko. Kwano dai ido na ganin jansa, hanta kuwa a ɓoye take, sai ta aiko saƙo: amai, ƙin abinci, kasalar da ba a saba gani ba, ido ya yi ruwan ɗorawa. Wani maganin farfaɗiyar kuma, kabamazafin, wato Tegretol, tasa alamar a fata take, ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki. Ko wanne aka gani, a ranar za a kai yaro asibiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne uwar da tsoro zai sa ta ɓoye kwalbar maganin dare ɗaya. Yanke maganin farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya mai jerowa ba farfaɗowa, wadda ke kisa. Ragewa ko sauyawa aikin likita ne. Jiƙe-jiƙen da kaka ke ɗura wa yaro a gefe kuwa, da kyakkyawar niyya, ƙarin hayaƙi ne ga hantar.

Daga abinci mai gina jiki ake ƙera gulutatayon, shi ya sa yake ƙaranci a jikin yaro mai tamowa. Wake, ƙwai, kifi da zogale su riƙa shiga kwanon yaron, a kuma tambayi likita yaushe ne gwajin hanta na gaba.