Dashe ko toho: tambaya a kan shugabancin ikkilisiya a ƙasar Madarunfa

Kiristocin Hausa sukan ce an “dasa” ikkilisiya idan an buɗe sabon wurin sujada a wani ƙauye. Kalmar ta manoma ce, kuma tana ɗauke da wata tambaya wadda ta shafi kowane irin shugabanci: wanda ya dasa icce, har yaushe yake da iko a kansa? Tambayar ta dace da ƙasar Madarunfa, inda Musulmi ne mafi rinjaye, inda ake ziyartar kaburburan waliyyai a kewayen tabki, inda kuma ƙananan majami'u suke zaune cikin ƙauyuka tare da maƙwabtansu.

Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, daga baya ya kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1956 ya buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi, a kan hanyar Ɗan Isa. Da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, masu bi 'yan ƙasa suka sami ikkilisiyarsu, wadda aka sani da EERN. Wajen 1990 saɓani a kan jagoranci ya raba ta, aka sami wasu ƙungiyoyi kamar UEEPN da Salama. Wannan gajeren tarihi ya nuna cewa dasawa ba ta kai miƙa ragama wuya ba.

Abin mamaki, darasi mafi kyau a kan wannan batu ya fito ne daga gonakin yankin. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, ya yi ta rarraba dashen itatuwa daga gandun reno, mafi yawansu suna mutuwa saboda fari, iska da awaki. A 1983 ya lura cewa 'yan ciyayin da manoma ke sarewa kowace bazara toho ne na tsofaffin kututtura, kalgo da sabara da sauransu, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya rage shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Abin da aka sani da sassaben zamani ke nan. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon cimaka a bakin aiki. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu sun ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya, har dabarar ta bazu a miliyoyin kadada ba tare da wani ya biya kowa ba.

A nan akwai ayyuka uku da ake buƙata daga shugabannin ikkilisiya. Na farko aikin mai bishara, wanda ke zuwa inda ba kowa, ya zauna, ya yi noma kamar kowa, ya jure. Na biyu aikin fasto da dattawa, masu kiwon abin da ya tsira: koyarwa, sulhunta ma'aurata, duba marar lafiya, riƙon amanar baiko. Na uku aikin mai sabuntawa, wanda ke duba jama'ar da ta yi sanyi ya gane cewa saiwa ba ta mutu ba. Sau da yawa saiwar tana wurin da ba a kallo: zumuntar mata da ke riƙe da waƙa da ziyara, ko matashin da ke karanta wa tsofaffi Littafi cikin Hausa. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ga Korintiyawa, ya raba aikin mai dasawa da na mai ban ruwa, ya hana kowannensu ɗaukar girman iccen a matsayin nasa.

Inda ɗabi'ar shugaba ke fitowa fili shi ne lokacin sassabe. Manomi na barin reshe mafi ƙarfi. Shugaba mai tsoron kujerarsa kuwa reshe mafi ƙarfi yake fara sarewa, domin a idonsa mai hazaƙa kishiya ne. Sai a tura shi ƙauye mai nisa da sunan bishara, ko a hana shi ƙaro karatu. Irin wannan buɗe majami'a na ƙara yawan gine-gine a rahoton shekara, amma asalinsa kora ce. Haka nan jama'ar da aka tara saboda buhun hatsi ko kuɗin waje: ranar da hannun baƙo ya janye, sai a ga gaskiyar masu cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce: ai sakin ragama da wuri shi ke kawo rarrabuwa, kuma mai dasawa ya fi kowa sanin wahalar da aka sha. Maganar tana da nauyi. Toho marar kula awaki ke cinye shi. Sai dai tarihin mishan ya nuna inda laifin yakan kwanta. Henry Venn, sakataren CMS a Ingila, ya koyar a ƙarni na 19 cewa ikkilisiya ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta, kuma da goyon bayansa aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Bayan mutuwar Venn, wasu matasan mishan Turawa suka raunana ikon Crowther a kogin Kwara wajen 1890. A Maraɗi ma, binciken Barbara Cooper na 2006 ya nuna yadda masu bi suka daɗe suna kukan ƙarancin ilimin boko mai zurfi daga hannun mishan. Wanda ya hana magaji karatu ba shi da bakin cewa magaji bai isa ba. Maganin sakin ragama da wuri shi ne fara horo da wuri.

Saboda haka ikon mai dasawa aro ne, kuma yana da wa'adi. Ana auna shi da tambayoyi masu sauƙi. Idan fasto ya yi tafiyar wata uku, ana sujada? Akwai wanda ya san lissafin kuɗi ban da shi? Mutum nawa ya horar waɗanda za su iya gaya masa ya yi kuskure? Maƙwabtansa Musulmi na zuwa masa gaisuwar mutuwa, shi ma yana zuwa musu?

Tambayoyin nan ba su tsaya a ƙofar majami'a ba. Shugaban makaranta, jagoran ƙungiyar raya al'adu da malamin tsangaya duk suna tsaye a gona ɗaya, da adda a hannu, toho a gabansu. Reshen da kowannensu ya zaɓa ya bari shi zai nuna ko akwai inuwa bayansa.