Rairayin Sali da rairayin Gure

Ƴan uwa ɗalibai, wai laifi ne mutum ya tafi bakin teku ya huta? A Sali ta Senegal, masu hali na biyan otel don su kwanta bisa rairayi. Mu a Gure kyauta muke samunsa, har yana binne mana gonaki.

Ni ban ga haramci a hutu ba, jiki ba ƙarfe ba ne. Lokacin ne ke damuna. Babban hutun lakwal yana faɗowa tsakiyar damina, daidai noman hatsi. Wanda ya tafi Sali, rabonsa na noma yana nan, wani zai ɗauki hauyar, galibi tsoho ko ƙane. In ya bar kuɗin ƴan ƙwadago, Allah kiyaye hanya. In kuwa hoto kawai zai turo ta WhatsApp, ya nemi yardar tsohon tukuna?