Allo da Salula

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, wani matashi ya tsayar da mu bayan sallar La'asar, ya ce: "Malam, tun da izu sittin na cikin salula, mene ne amfanin sayen allo da dafa tawada?" Ba mu yi masa tsawa ba, domin tambayarsa tana bisa hanya.

Haƙiƙa abubuwa suna shuɗewa. Kaset ɗin tafsiri da iyayenmu suka yi ta saye a kasuwar Maraɗi, yau ko rikodar sa shi ta yi wuya. Kuɗin da ake ƙullewa a ba direba ya kai Tibiri ko Jiratawa, yanzu ta Nita ake aika su, kuma addini bai yi hasarar komai ba. Alƙur'ani kansa, sa'ad da Zaidu ɗan Sabitu ya tattara shi a zamanin Sayyidina Abubakar bayan yaƙin Yamama, a kan rassan dabino da faffaɗan duwatsu ya same shi, da ƙirazan mahardata. Da takarda ta wadata, ba wanda ya ce a koma wa dutse.

To amma allo aikinsa ya wuce ajiye rubutu. Yaro zai feƙe alƙalaminsa, ya rubuta da hannunsa, malam ya duba ya gyara masa wasali, ya biya masa, ya yi ta maimaitawa, kuma ba zai wanke ba sai karatun ya zauna. A cikin wannan wahala harda take kafuwa. Salula tana iya karanta wa yaro, har an ƙera manhajar da ke kama kuskure, sai dai ba ta san yaron ba, ba ta san ranar da ya zo da yunwa ko ranar da lalaci ya kama shi ba. Ga wani abu kuma: mu nan da ruwayar Warshu muka tashi, mafi yawan abin da ke cikin salula kuwa Hafsu ne. Dukansu ingantattu ne, amma mun sha jin yara suna cakuɗa su a aya guda, babu mai tsayar da su.

Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni a haka. Mun ga taro wurin masu caji. Wanda Alƙur'aninsa ke cikin salula sai da ya jira janareta, mai mus'hafi kuwa ya buɗe abinsa da hasken asuba.

Ta fuskar hukunci, Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya hana mai kari taɓa mus'hafi, ya sauƙaƙa wa malami da almajiri game da allo. Da yawa daga malaman wannan zamani ba su ba salula hukuncin mus'hafi ba, kuma wannan rangwame ne ga matafiyi da ɗan kasuwa. Sai dai mu tuna ita ce dai muke shiga bayi da ita, ita ce kuma saƙo ke faɗo mata a tsakiyar sura, mai karatu ya bar ayar ya tafi duba farashin wake.

Akwai kuma abin da waya ba ta taɓa ɗauka: ruwan alwala, da geron zakkar fid da kai, da ragon layya, da likkafani. Limamin Makka ma, in ka gan shi a salula, ba ka bin shi salla daga ɗakinka, sai ka tako cikin sahu.

Saboda haka muna roƙon iyaye, wanda ya saya wa ɗansa salula kada ya ji nauyin kuɗin allo. Mai mus'hafin da ya yage kuma kada ya bar shi a kan katanga don ya sami na waya, ya kawo masallaci a ɗinke, wanda ba ya ɗinkuwa a binne shi a wuri mai tsarki. Ranar Juma'a kuma a kashe salula kafin liman ya hau mumbari.