Bashin Abin Hawa: Riƙe Ƙarfe Ko Riƙe Amana?

  

Ya ku 'yan'uwa matasa, ga tambayar da za mu duba. Mutum ya karɓi keke napep ko babur ko mota bashi, yana biya mako-mako, sai abu ya cije, biya ya gagara, sunansa ya ɓaci wajen masu ba da bashi. To, me ya wajaba a kansa? Ya riƙe abin hawan ko ta halin ƙaƙa, ko ya yarda ya rabu da shi ya tsira da amanarsa?

Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a 2013, matasa da yawa suka koma tuƙa Adaidaita Sahu, kuma da yawansu ba da kuɗinsu suka saya ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000. Kayan gyara suka bi sahu, alhali abin da aka yanka wa mutum ya kawo duk mako yana nan yadda yake. Saboda haka ba kowane wanda ya kasa biya ne macuci ba.

Abu na farko, ka san irin bashin da ke wuyanka. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya da jinkiri a kan farashin da ya fi na hannu, muddin an yanke farashin tun wajen ƙulla ciniki. Misali, keken naira miliyan 3 a ba ka shi a miliyan 4 da rabi, kana kawo dubu 50 duk mako, mako 90 ke nan. Wannan ciniki ne. Amma idan ka makara aka ce an ƙara maka kaza saboda jinkiri, to wannan ƙarin shi ne ribar jahiliyya da ƙarshen Suratul Baƙara ya haramta.

Daga nan ne Shaiɗan yake buɗe wa matashi ƙofa biyu. Ta farko ita ce biyan bashi da bashi. Ranar biya ta zo, aljihu ba kome, sai ya danna waya ya ci bashin manhajojin nan masu kuɗin ruwa, na mako ɗaya ko biyu. Wancan ya cika, ya ci na uku ya toshe na biyu. Ƙofa ta biyu ita ce guduwa: ya kashe waya, ya sake layi, ya ɓoye keken a wata unguwa, ya bar wanda ya tsaya masa, ko kawunsa ne ko amininsa, a hannun masu kaya. Wallahi wannan zalunci ne.

Kuma gudun ba ya fisshe ka ko a nan duniya. Tun 2014 lambar BVN ta ɗaure asusun mutum duka wuri guda. Dokar 2017 ta tsara kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, kuma bankuna suna dubawa kafin su ba da rance. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga asusun mutum da ke wani bankin. Balle lahira. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) ya ƙi yi wa wani mamaci salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauke masa. In shahada ba ta goge shi ba, sake layin waya ne zai goge?

To, ina mafita?

Na ɗaya, ka rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ɗauki takarda ka jera wanda yake bin ka, nawa, yaushe, da wanne ne yake ƙaruwa.

Na biyu, ka rantse tsakaninka da Allah ba ka ƙara cin sabon bashi don biyan tsoho, ka tuba daga na ruwa.

Na uku, ka je wa mai kaya da ƙafarka kafin ya aiko, tare da wanda ya tsaya maka. Ka faɗi gaskiyar abin da kake samu, ka roƙi a rage na mako a tsawaita lokaci ba ƙari, a rubuta da shaidu.

Na huɗu, ka tsara biya: abincin iyali, sai na abin hawan da kake nema da shi, sai ragowar duk ka zuba kan bashin da ke haihuwa har ya mutu. Sabuwar waya da ankon biki su jira.

Na biyar, in ka yi lissafi ka ga bayan fetur da gyara da abinci kuɗin mako ba ya fita, to ka daina yaudarar kanka. Ka nemi izinin mai kaya a sayar a biya shi, in da saura naka ne, ko a mayar da cinikin kan wanda zai iya. Kada ka sayar a ɓoye.

Wani zai ce, "Malam, na biya fiye da rabi, in na sake da me zan ci?" Gaskiya ne, da ciwo. Amma kana iya tuƙa na wani kana kawo balas, kana adashe, ba mai bin ka kwabo. Keke in ya tafi ana sayen wani. Suna in ya ɓaci, wa zai sake tsaya maka? Ka biya har ƙarshe, ka karɓi takardar shaidar gamawa, da haka suna yake wankuwa. In za ka sake saye nan gaba, ka bincika bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, kuma ka karanta sharuɗɗa kafin ka sa hannu.

Ku kuma masu ba da kaya, ku ji tsoron Allah. Aya ta 280 a Baƙara ta wajabta jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ƙwace keke daga wanda ya kusa gamawa, a cinye abin da ya biya, ba hanyar albarka ba ce. Mawadata su tuna cewa wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ba zakka.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Annabi kansa ya rasu sulkensa na jingine saboda sha'ir. Aibin yana ga ƙarya da gudu da taurin bashi alhali da hali.

Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya wadata mu da halal ga barin haram.