SHAHADARTA TATA CE, ALHAKIN FA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ko ka yi aure ko kana shiri, akwai wata magana da muke yi a zaman makoki wadda ya kamata mu auna ta da ma'aunin Sunna. Mace ta rasu wajen haihuwa, sai a ce kwananta ne ya ƙare, ai ma ta yi shahada. Gaskiya ne, ya tabbata a hadisi cewa wadda ta mutu a kan haihuwa tana cikin shahidai. To amma wanda aka kashe bisa zalunci ma yana samun daraja wurin Allah, wannan kuwa bai wanke wanda ya kashe shi ba. Ita ta sami nata. Kai da ka bar ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka, me ka samu?

Bari in ba ka labarin wata ƙaramar ƙasa ta Musulmi, Maldif, tsibirai ne a tekun Indiya, mutanenta wajen rabin miliyan. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 1990 cikin kowace haihuwa 100,000 mata 677 ke mutuwa a can. A 2015 abin ya dawo 68. Da yake haihuwarsu a shekara ba ta kai 10,000 ba, matan da suka rasa a wannan shekara ba su cika goma ba. Haka lissafin ƙaramar ƙasa yake, mutuwar mace biyu ko uku na iya ɗaga shi ko sauke shi, saboda haka tsawon shekaru ake dubawa, ba shekara guda ba. A tsawon shekarun kuwa saukar ba ta da shakka. Sun sa ɗakin shan magani a kowane tsibirin da mutane ke zaune, sun horar da ungozomomi, in haihuwa ta yi gardama a ɗauki mace a jirgin ruwa zuwa babban asibiti. Matansu kusan duka sun iya karatu.

Mu kuwa a Nijeriya, hukumar nan ta ƙiyasta mata 75,000 suka mutu ta wannan hanya a 2023, sama da 200 ke nan kullum, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Shin mutanen Maldif sun fi ƙarfin ƙaddara ne? Subhanallahi! Babu mai fita daga hukuncin Allah. Sababi suka riƙa, mu muka saki.

Ka tuna Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Asibiti da ɗakin da ka kulle ta, su ne gefe biyun nan.

Na san za ka ce suna da kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido, mu kuwa asibitinmu ba magani, ba wuta, wani lokaci ba ma'aikaci. Haka ne, kuma shugabanni za su amsa tasu tambayar gaban Allah. Amma tun kafin a kai ga ƙofar asibiti, wa ya yi jinkiri? Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, awon ciki ke gano alamarta tun da wuri, mu kuwa sai mu ce iska ce, a kira boka, a turara mata hayaƙi. 'Yar fari tana jin ciwo ta yi shiru wai kunya, tsofaffi na yaba mata. Naƙuda ta yi tsawo a ɗauko aska a yi yankan gishiri, in ta rayu ta ƙare da yoyon fitsari, kai kuma ka sake ta. A wace aya ko wane hadisi aka samo waɗannan? Al'ada ce tsagwaronta aka yafa mata rigar addini.

Mafi ciwo, maigida ya tafi kasuwa ko ci-rani, jini na zuba, a ce ba za a fita da ita ba sai da izninsa. Shari'a ba ta ɗora izninka sama da ranta ba. Kuma kai da ba ka son namiji ya duba matarka, kishinka mai kyau ne, amma ka hana ƙanwarka karatu, to daga ina ungozoma da likita mace za su fito?

Tun cikin yana ƙarami ka kai ta awo. Ka tara mahaifiyarka da 'yan gidanku ka faɗa a gabansu cewa ka ba da izni, ko ba ka nan a fita da ita. Ka ware kuɗin mota kafin kuɗin ragon suna, ka san mai motar da za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Ka je a gwada jininka, ka kuma nemi abokai biyu a masallacinku waɗanda za su miƙa hannu ranar da aka ce ana neman jini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.