Lamunin Mai Sana'a: Wa Zai Biya Idan Mota Ta Lalace A Hannun Mai Gyara?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kun san a ƙasar Damargu mota dukiya ce ta neman abinci. Ita ke ɗaukar gero da bisashe zuwa kasuwar Bakin Birji, ita ke kai marar lafiya daga ƙauyukan Tarka zuwa likita a Balbeji ko Tanut. Idan ciwonta ya fi ƙarfin masu gyaranmu na gida, tilas a kai ta Damagaram, wani lokaci har Yamai ko Kano, a danƙa ta ga babban gareji ko kamfanin da ke sayar da irinta, mai ita ya juyo gida ya yi kwanaki bai sa ta a ido ba.

Daga nan ne wata rigima ke tasowa. Mutum ya kai motarsa domin gyaran birki, ranar karɓa sai ya tarar ƙofa ta lotse, ko injin ya ƙone domin an tuƙa ta babu mai. Ya ce a biya shi, masu gareji su ce haka ya kawo ta, ko su nuna masa allon da suka rataye cewa ba ruwansu da abin da ya sami mota a wurinsu. Shi ba ya nan sa'ad da abin ya auku, kuma ba shi da shaida. To, maganar wa za a kama?

Asalin hukunci a shari'a shi ne wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Haka nan wanda aka ba ajiya, idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu ranko a kansa, domin amintacce ne. Da za a bi wannan asali kaɗai, da mai gareji ya kuɓuta, mai mota ya koma gida da hasara. Amma mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi a wannan ƙasa, ta fitar da masu sana'a daga wannan asali. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa mai sana'a yana lamunce abin da ya keɓanta da shi bayan idon mai shi, ko da lada ya yi aikin ko a kyauta. Ma'ana, shi ne zai kawo hujjar cewa ɓarnar ba daga gare shi take ba. Idan ya kasa, sai ya biya.

Mai hankali zai iya tambaya: ashe wannan ba munana zato ba ne ga bawan Allah da ke cin guminsa? Yaya za a ɗora wa mutum biyan abin da babu wanda ya ga ya ɓata? Tambaya ce mai nauyi, kuma malamai sun saɓa a kanta. Ibnu Rushd ya kawo saɓanin a cikin Bidayatul Mujtahid, kuma Imamu Abu Hanifa bai ɗora wa mai sana'a ranko ba sai a kan abin da aikin hannunsa ya ɓata.

Dalilin malamanmu kuwa shi ne maslahar jama'a. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya lamuntar da masu sana'a domin al'amarin mutane ba ya daidaita sai da haka, kuma Imamu Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya kafa misali da wannan a bayaninsa na maslaha. Ku duba bambancin. Mai karɓar ajiya taimako yake yi, amfanin duka na mai kaya ne. Mai gareji kuwa shi ya buɗe ƙofa ya kira jama'a, kuma jama'a ba su da makawa sai sun je. Sa'an nan shi kaɗai ya san abin da ya wakana a cikin shagonsa. Mutumin da ke Tanut ba shi da hanyar sanin wanda ya tuƙa motarsa da dare a Damagaram, amma mai gareji yana iya kulle ƙofa, ya riƙe makulli, ya sa ido a kan yaransa. Adalci shi ne a ɗora nauyin hujja a kan wanda ke da ikon kiyayewa da ikon sani. Da an gaskata kowane mai gyara da zarar ya musanta, da marasa tsoron Allah sun sami ƙofar cin dukiyar mutane, masu gaskiya kuma su rasa amincewar jama'a saboda laifin waɗansu.

Abubuwa biyu suna bin bayan wannan hukunci. Na farko, allon da ke cewa "ba ruwanmu" ba ya sauke lamuni, domin mashahurin zance a mazhaba, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, shi ne ko mai sana'a ya sharɗanta kore lamuni, lamunin yana nan. Na biyu, idan yaron da ke koyon aiki ne ya yi kuskuren, maigidansa mai mota zai bi, domin da shi aka ƙulla ijara. Bai dace babban kamfani ya laɓe a bayan yaro marar galihu ba.

Sai dai shari'a ba ta bar mai gyara a tagayyare ba. Idan shaidu suka tabbatar cewa gobara ce ko wata musiba ta auku ba da sakacinsa ba, babu ranko. Idan aikin a kan kansa mai kasada ne, kamar huda lu'ulu'u da miƙe takobi da magabata suka ambata, ba a kama shi sai an tabbatar ya saɓa ƙa'idar aiki. Kwance tsohon ƙarfe da tsatsa ta cinye yana kama da wannan, musamman idan ya gargaɗi mai mota tun farko.

Kai kuma mai mota, ka ji tsoron Allah a cikin abin da kake nema. Idan ɓarnar kaɗan ce, haƙƙinka shi ne a gyara, a cika maka abin da ya ragu daga ƙimar motar. Idan ta yi yawa har amfanin motar ya gushe, kana da zaɓi: ka karɓi ƙimarta ka bar musu ita, ko ka riƙe ta ka karɓi abin da ya ragu. Bai halatta ka kai tsohon inji ka nemi sabo ba, ko ka jingina musu tsohon lahanin da ka san da shi. Buhari ya ruwaito cewa wata daga cikin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fasa akushin abokiyar zamanta, sai ya ba da lafiyayye a madadin fasasshe, bai ƙara kome a kai ba. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i da ta umarci a mayar da amana ga masu ita tana kan mai gyara, aya ta 188 ta Suratul Baƙara da ta hana cin dukiya ta hanyar ɓarna tana kan ku duka biyu.

Hanyar kauce wa wannan husuma mai sauƙi ce. Ranar miƙa mota, ku zagaya ta tare a gaban shaidu biyu, a rubuta aikin da za a yi da ladansa, da lahanin da ke jikinta, da abin da ke cikinta, a ɗauki hotonta da waya. Idan gyara ya kai ga abin da ba a yi magana a kansa ba, a kira mai ita kafin a taɓa. Idan duk da haka saɓani ya shiga, a nemi masanin sana'ar wanda ba shi da rabo a ciki ya duba, a fara da sulhu a gaban malamai ko sarakunan gargajiya, waɗanda dokar ƙasa ta ba ikon sasanta jama'a, kafin a kai ga kotu.

A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, an siffanta mafi alherin ma'aikaci da siffa biyu: ƙarfi da amana. Ƙarfin mai gyara shi ne ya iya aikinsa, ya kuma faɗi gaskiya idan ya fi ƙarfinsa. Amanarsa ita ce ya riga mai mota faɗin abin da ya lalace a hannunsa. Wanda ya biya a nan duniya da kuɗi ya huta, domin a ranar hisabi da ladan ayyuka ake biya.

Allah Ya sa mu cikin masu tsare amana, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.